Fuskar Ya Garga a Ganuwa

Briqueterie, Yaoundé
Fabrairu, 2017

Zuwa ga yayana Zakiyyu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Kawu Tahiru da iyalinsa. Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa rufe shago da wuri. Mu nan Birik lafiya lau, in ban da kuran, wutar lantarkin nan da ake ɗauke mana kullum.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a cikin ƙullin shaddar da Haman direba ya kawo wa Kawu. Tunda aka yanke muku intanet a Bamenda, in na kira ka sai ka ce "to, to, sai an jima", kamar akwai mai saurare a bayanka. Maganar da nake tafe da ita kuwa ba ta gajeren kira ba ce.

Maganar Ganuwa ce, wasanmu na intanet da babban yayanmu Ya Garga ya laƙaba wa wannan suna don na Turawan ya ƙi zama a bakinsa. Ka tuna yadda mu uku muke jeruwa a siba ɗin Alhaji Hamadu, shagon intanet ɗin nan, kowa da mutumin da ya ƙera ya zama shi a cikin wasan. Tun bara da 'yan bindiga suka harbe Ya Garga a motarsa tsakanin Mora da Kousseri, ni nake buɗe kont ɗinsa, wato asusunsa na wasan, don kada a rufe shi. Ba na yaƙi da mutuminsa, ba na taɓa kayansa. Buɗewa kawai nake yi in gan shi tsaye, baƙi wuluk kamar mai shi, da tabon nan a kuncin hagu.

To, makon jiya masu wasan suka yi mizajur, suka sabunta komai. Sun zubar da tsofaffin fuskoki gaba ɗaya. Kowa sai ya sake ƙera mutuminsa kafin ƙarshen Maris, wanda bai yi ba na'ura ta zaɓa masa.

Yaya, na zauna tun bayan azahar har aka kira magariba ina gwadawa. Launin fatar da ya fi duhu a cikin nasu kamar shayi yake da aka cika wa madara. Gashi duk mai santsi ne yana zubowa kafaɗa, babu kitso ko ɗaya, babu askin da ya yi kama da na mazanmu. Hanci kamar an fere shi da wuƙa. Tabo akwai kala-kala, amma duk na takobi ne a goshi da ido. Ita ma Madina, tawa ta cikin wasan, sun cire mata lulluɓin da nake sa mata, suka ba ta wata rigar yaƙi da ko a ɗaki ba zan sa ta ba. Launin sirdin doki kuwa sun ba mu har ya fi ƙarfin ƙirga. Doki ya fi mu samun gata ke nan.

Na yi niyyar rubuta musu ƙorafi. Na Faransanci zan yi da kaina. Kai Ingilishinka ya nuna tunda ka zauna can, don Allah ka rubuto mini na Ingilishi ka ba Haman.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka,
Afra'u


Abakwa, Bamenda
Fabrairu, 2017

Zuwa ga ƙanwata Afra'u,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta iso ni, na karanta ta har ƙarshe. Ki durƙusa ki gaishe mini da Inna, ki ce mata ina bin maganarta. Kawu ya ga shadda, ya yaba.

Halin da muke ciki a nan sai addu'a. Kowace Litinin gari a rufe yake, ba kasuwa, ba mota, ba makaranta. Wanda ya buɗe shago yana tsoron masu ƙonawa, wanda ya rufe yana tsoron hukuma. Yaran Kawu tun kafin sabuwar shekara ba su ga allon aji ba. Shi ya sa kika ji ba na tsawaita magana a waya.

Game da buƙatarki, zan gaya miki gaskiya ko da ba za ta yi miki daɗi ba. Ba zan rubuta ba. Garga ba ya cikin na'ura, yana kabarinsa a Mora, abin da yake buƙata daga gare mu addu'a ce da sadaka. Ni tun ranar da aka kawo labarinsa ban sake buɗe wasan nan ba, ba kuma na sha'awar buɗewa. Waɗannan mutane suna can ƙetaren teku, ba su san akwai wata unguwa mai suna Briqueterie ba. Wasansu ne, sun zana mutane yadda suka ga dama. Wa zai karanta ƙorafin wata yarinya daga Kamaru?

Kina shekarar ƙarshe a jami'a. Wannan ƙarfin zuciyar ki zuba shi a kan karatunki. Madina kuwa, in rigar da suka ba ta ba ta mutunci ba ce, ki bar musu wasansu, ba farilla ba ne.

Ban faɗi haka don in ɓata miki rai ba. Allah ya ji ƙan Garga, ya ba mu haƙurin rashinsa.

Wassalam.
Yayanki,
Zakiyyu Abdulmajid


Briqueterie
Maris, 2017

Ya Zakiyyu,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa, Allah ya kawo muku sauƙin abin da kuke ciki. Na ji amsarka. Na yi fushi, na huce, yanzu ga tawa.

Na san inda kabarin Ya Garga yake, ina yi masa addu'a bayan kowace salla. Amma akwai abin da ba ka sani ba. Hotunansa duk suna cikin wayarsa, wayar kuwa ta ƙone tare da motar. Abin da ya rage mana hoton katin shaida ne, wanda ya ɗaure fuska a ciki kamar an kawo shi gaban alƙali. Wata Juma'a Inna ta same ni na buɗe kont ɗinsa a kwamfutar da na aro wajen ƙawata. Ta tsaya a bayana tana kallo, can ta ce, "Sa shi ya yi tafiya in gani." Tun daga ranar, duk Juma'a bayan an sauko masallaci sai ta jawo kujera. In kai shi bakin kogin nan na wasan, ya tsaya, ta dube shi, ta tashi ta ɗora tukunya. Ba ta kuka. Ka gaya mini yadda zan nuna mata wani Bature mai gashin doki in ce mata shi ne.

Na rubuta wa kamfanin da Faransanci, na haɗa da Ingilishina mai ɗingishi. Na'ura ce ta amsa, wai sun gode da sha'awata. Sai na kai maganar dandalin 'yan wasa, na ba da labarin Ya Garga duka. Wasu suka yi mini dariya. Wani ya ce a duniyar aljanu da dodanni me ya kawo zancen launin fata. Na ce masa tunda an iya zana dodo mai kai uku, zana hancina ba zai gagara ba.

Daga nan mutane suka fara fitowa. Wata daga Dakar, wani daga Kano, 'yan Abidjan da yawa, har da wata 'yar Brazil da ta ce ta gaji da wasa da fuskar da ba tata ba. Mun yanke shawarar zaman dirshan. Asabar ta ƙarshen wata kowa zai kawo mutuminsa ƙofar kasuwar babban birnin wasan, ya ajiye makami ya zauna, ba saye ba sayarwa ba yaƙi, sai sun saurare mu.

Ga inda kake shigowa. Kai ne shugaban ƙungiyarmu a wasan. Ƙa'idarsu ita ce shugaba kaɗai ke iya aika kira ga 'yan ƙungiya da ƙungiyoyin da muke ƙawance da su, waɗanda Ya Garga ya sha wahalar haɗawa. In babu kiranka, mu 'yan tsiraru ne. Na ji mutanen Bamenda suna shiga mota zuwa Mbouda su sami rezo na intanet su dawo. Ka je sau ɗaya ka miƙa mini shugabancin. Ban ce ka yi wasa ba.

In ka ƙi, zan zauna a ƙofar kasuwar ko ni kaɗai ce.

Ka gaida Kawu.
Afra'u


Briqueterie
Maris, 2017

Zuwa ga ɗana Zakiyyu,

Sallama irin ta Musulunci. Ni ce mahaifiyarka Kaltuma nake faɗa, Mu'mina maƙwabciyarmu take rubutawa. Ina gaishe ka, ina sa maka albarka. Ka gaishe da Tahiru, ka ce masa ƙafar ta yi sauƙi.

Na ji abin da ke tsakaninka da ƙanwarka, don ita ba ta iya ɓoye fushi, a wanke-wanke ake jin sa. Kada ka ɗauka tsufa ya taɓa mini hankali. Na san abin nan da ke cikin gilashi ba yayanku ba ne. Amma aikin hannunsa ne. Shi ya zauna ya zaɓi hancin, ya zaɓi tsayin, ya sa tabon da ya samu ranar da ya zille mini ya faɗa kan wayar gashin nama ta mai suya. Da hula ya ɗinka ya bari, ai da na adana ta. To wannan ya bari. Kuma a nan na ga yadda yake ganin kansa, da faɗin kafaɗa, da tsayuwa ta mutumin da ba ya tsoron kowa. A gida kullum kansa a sunkuye yake a gabana.

Sai dai ka ji wannan da kyau. Hanya ta riga ta cinye mini ɗa ɗaya. Ban aike ka Mbouda ba. In ka ga alamar tashin hankali, ko kaɗan ne, ka zauna inda kake, fuskar ta tafi. Na fi son mai rai. In kuma ka ga hanya lafiya, kuma zuciyarka ta ba ka, ban hana ka ba.

Ita kuwa yarinyar nan, ka rubuto ka ce mata ta riƙa cin abinci. Ni ta daina jin tawa.

Allah ya tsare ka, ya yi maka albarka.
Mahaifiyarka


Abakwa, Bamenda
Maris, 2017

Ƙanwata Afra'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ki fara sanar da Inna cewa na je na dawo lafiya, ba abin da ya same ni. Na jira ranar da gari yake a buɗe, na tambayi direbobi, sannan na shiga mota. An sauke mu duba takardu a hanya ba sau ɗaya ba, amma babu wanda aka riƙe.

Ban taɓa ganin siba irin na Mbouda ba. Duk mutanenmu ne na Bamenda, ɗalibai, 'yan kasuwa, wani likita, kowa da abin da ya tara yana jiran aikawa. Na bi layi har rana ta karkata. Da na zauna, wata dattijuwa da ke jira a bayana ta leƙo ta ga na buɗe wasa. Ta ce da Pidgin, duk wannan hanyar na yi don wasan yara? Na ce mata, "Mami, ɗan'uwana na zo gani." Ta dube ni, ta ce ashiya, wato sannu.

Na miƙa miki shugabanci, za ki gani in kin buɗe. Kafin in fita na duba jerin 'yan ƙungiya, sai ga mutumin Garga a sama. Afra'u, na ce miki ba na sha'awar gani. Ashe tsoro nake ji. Na kasa tashi daga kujerar sai da mai siba ya taɓa kafaɗata.

A nan na tuna wani abu da ke ba ki sani ba, don lokacin ba ki fara wasan ba. Ranar da Garga ya ƙera mutumin nan, shi ma bai sami launinsa ba. Ya yi ta masifa a siba har Alhaji Hamadu ya fito ya ce a rage murya. Daga baya ya gano wani baƙin fenti da maƙeran wasan ke shafawa, ya shafe mutumin da shi daga kai har ƙafa. Ya ce mini, "Tunda ba su yi ni ba, zan yi kaina." Saboda haka wannan faɗan ba ke kika fara shi ba, gadonsa kika yi.

Ga takardar Ingilishin a haɗe. Na rubuta ta a mota a hanyar dawowa, ki yi haƙuri da karkacewar rubutu. Na janye maganar da na yi cewa ba mai karantawa. Ko ba su karanta ba, a rubuta.

Ranar Asabar ba zan kasance tare da ku ba. Ki zaunar da shi a gaba. Kuma ki ci abinci, umarnin Inna ne.

Wassalam.
Yayanki,
Zakiyyu


Briqueterie
Afrilu, 2017

Yayana,

Salamu alaikum, ina gaisuwa. Na gode, Allah ya saka. Akwai labari mai daɗi, akwai marar daɗi, zan ba ka su yadda suka zo.

Ranar Asabar Alhaji Hamadu ya bar mana siba ɗin gaba ɗaya. 'Yan unguwar Nkomkana suka zo, 'yan Cité Verte suka zo da kwamfutocinsu. Na aika kira da sunan ƙungiya, na zaunar da Ya Garga a bakin ƙofar kasuwa, Madina a gefensa. Da farko ba mu fi cikin tafin hannu ba, masu wucewa suna tsalle a kanmu suna tsokana. Sai ƙungiyoyin suka fara isowa, tuta bayan tuta, kowa ya ajiye takobi ya zauna. Har da waɗanda fatarsu ba irin tamu ba ce. Filin ya cika har wasan ya riƙa sarƙewa.

Ana cikin haka aka ɗauke kuran. Na ɗora hannu a ka. Njidda tela, wanda bai san ko mene ne Ganuwa ba, ya kashe kekunansa ya jawo mana waya daga injinsa na wuta. Ya ce, "Garga ya sha kai mini kaya Garoua bai karɓi ko godiya ba. Ku zauna masa." Muka koma muka zauna har magariba.

Marar daɗin ga shi. Da labarin ya bazu, kamfanin ya karanta abin da na rubuta tun farko, suka gane mai kont ɗin ya rasu, wata ce ke buɗewa. Dokarsu ta hana haka. Ranar Talata suka rufe shi. Da bakina na ba su hujjar, Yaya. Na shige ɗaki na yi kukan da ban yi ba tun ranar ta'aziyya. Da Juma'a ta zo na rasa yadda zan gaya wa Inna, sai ta riga ni. Ta ce, "An rufe ko? To ke kuma sai ki zauna?" Ta miƙo mini mayafina.

Cikin makon wata mata mai zane a kamfanin ta rubuto mini da hannunta, ba na'ura ba. Ta ce maganar kont ba ta ofishinta ba ce, amma an umarce su su ƙara fuskoki, su kuwa ba su san ta inda za su fara ba. Ta tambaya ko zan taimaka da hotuna.

Yanzu kullum na dawo daga jami'a sai in zaga da waya. Ba na ɗaukar kowa sai na yi masa bayani ya yarda. Murja mai kitso ta jera mini shuku da zane da kalaba a kawunan masu zuwa wajenta. Na ɗauki ɗaurin ɗankwali na 'yan mata da na manya, hulunan masu shadda, fuskokin mahauta da na 'yan goro a kasuwar Mokolo, daga wankan tarwaɗa har baƙi mai sheƙi. Wani tsoho ya ƙi, ya ce ba za a sa shi yaƙi da dodo da tsufansa ba. Bayan kwana biyu ya aiko a kira ni, ya sha rawani.

Maganar kont kuwa na ɗaukaka ƙara. Sun ƙi, na sake. Na ji ana cewa za a maido muku da intanet. In ta dawo, akwai aikin fassara yana jiranka.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka,
Afra'u


Briqueterie
Satumba, 2017

Ya Zakiyyu,

Salamu alaikum. Na san yanzu kana da rezo, amma wannan na fi so ka riƙe shi a hannu.

Sababbin fuskokin sun fito. Akwai launinmu, akwai kitso, akwai hula da ɗankwali da riguna masu rufe jiki. Kont ɗin Ya Garga har yau a rufe yake. Na sake rubutawa, ka duba Ingilishin ka gyara.

Jiya Juma'a Inna ta jawo kujera ta ce in buɗe mata nata kont ɗin. Na zaci ban ji daidai ba. Ta zauna ta zaɓi hanci, ta zaɓi goshi, ta ƙi yarda in rage mata shekaru. Da muka zo kan ɗankwali ta matso da fuskarta jikin gilashin, ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Wa ya ɗaura musu wannan? Ƙullin a baya yake zama, ba a kan kunne ba. Ɗauko takarda."

Ta faɗi ƙorafinta ga masu wasan, na rubuta. Ga shi nan a haɗe, shi ma yana son Ingilishi. Ta ce kada ka sassauta mata ko kalma ɗaya.

Ka gaida Kawu da iyali. Allah ya tsare mana kai.
Afra'u